Colt, Webley, Nagant ko ta Faransa: Wace Tsohuwar Libarbar Soja Ta Cancanci Kuɗinka?

Mutum iri uku ne suka fi yin wannan tambaya. Akwai malamin tarihi ko ma'aikacin gidan adana kayan tarihi da aka ware masa ɗan kasafi ya samo abu guda da zai riƙa nuna wa ɗalibai. Akwai mai shirya fim da ke son hafsan Bature ya fito da abin da ya dace da zamaninsa rataye a ƙugu. Sai kuma ɗan'uwanmu mazaunin Amurka ko Turai da sha'awar tara tsofaffin kaya ta kama, kullum yana leƙa shafukan gwanjo ya rasa wadda zai ɗauka. Dukansu kuɗin guda ɗaya gare su, libarba kuwa iri-iri ce.

Kafin a kai ga ciniki, a san matsayin doka. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta, har da na dā masu duri ta baki, kuma lasisinsu sai daga Shugaban Ƙasa. Tsufan bindiga ba ya wanke ta a gaban jami'in kwastan. Saboda haka wanda ke gida, in ba hukuma ce ke saye ba, maganarsa ta tsaya kan kwafin da ba ya harbi. Ingila ta hana mallakar yawancin bindigogin hannu tun 1997, amma ana sayar da waɗanda aka toshe aka kashe, tare da takardar shaida. A Amurka, dokar tarayya tana ɗaukar wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, sai dai kowace jiha da nata ƙa'idojin.

Yadda cikinta ke aiki

Libarba bututu ɗaya gare ta, a bayansa kuma akwai ganga mai ramuka shida ko bakwai, kowane rami da harsashinsa. Idan ka ja guduma baya da babban yatsa, abubuwa uku ke faruwa kusan lokaci guda. Sakatar da ke riƙe da gangar daga ƙasa ta janye. Wani siririn ƙarfe, mu kira shi ɗan yatsa, ya taso ya tura haƙoran da ke bayan gangar, ta juya taki ɗaya. Sai sakatar ta koma ta faɗa cikin tsaga ta gaba, ta kulle gangar daidai lokacin da rami ya yi saiti da bututu. Ka taɓa kunama, guduma ta sauka.

Ba Samuel Colt ne ya fara tunanin ganga mai juyawa ba. Elisha Collier ya yi irinta mai ƙyastu a Landan tun 1818. Abin da Colt ya yi rajistarsa a Amurka a 1836 shi ne haɗa juyawar ganga da ɗana guduma ta hanyar da za a iya dogara da ita, daga baya kuma ya ƙera ta da injuna dubu-dubu. Daga nan har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, maƙera sun yi ta kokawa da matsaloli uku: yadda za a yi duri da sauri, yadda za a yi harbi da sauri, da yadda jikin bindigar zai jure ƙarfin albarushi. Duk wanda ya warware ɗaya, sai ya biya da wata. Da wannan idon ya kamata a kalli kowace daga cikin biyar ɗin nan: Colt iri biyu, Webley, Nagant da ta Faransa.

Kalmomi biyu za su riƙa dawowa. Kunama mai aiki ɗaya, aikinta kawai ta saki gudumar da ka riga ka ɗana da yatsa. Mai aiki biyu kuwa, ja ɗaya zai ɗana guduma, ya juya ganga, ya kuma saki. Baturen Ingila Robert Adams ne ya fito da mai ɗana kanta a 1851, samfurin Beaumont-Adams na tsakiyar shekarun 1850 kuma ya haɗa hanyoyin biyu a bindiga guda.

Ma'aunan da na bi

Na farko, me injinta ke koyarwa, kuma ido zai iya ganinsa? Na biyu farashi. Na uku ƙarko da samuwar kayan gyara. Na huɗu sauƙin sarrafawa da nunawa. Na biyar haɗari, wanda ya haɗa da na hatsari da na 'yan damfara. Na fi ba na farko nauyi, domin abin da za a ajiye cikin akwatin gilashi, labarin da yake bayarwa shi ne amfaninsa.

Colt 1851 Navy

Wanda ya taɓa ganin maharbi yana duri da bindigar toka zai gane wannan nan take. Ana zuba albarushi a kowane rami ta gaban ganga, a ɗora dunƙulen dalma, a danna shi da wani liba da ke ƙarƙashin bututu, sannan a kafa 'yar hular tagulla mai maganin tashin wuta a bayan kowane rami. Sau shida. Adaka ce guda shida aka ɗaure wuri ɗaya. Kunamarta mai aiki ɗaya ce, faɗin bakinta .36 na inci, nauyinta wajen kilo 1.2. An ƙera sama da 200,000 a Hartford ta Amurka tsakanin 1850 da 1873, da wasu kimanin 42,000 a masana'antar Colt ta Landan. Ta shiga Yaƙin Kirimiya a hannun Turawan Ingila, ta kuma cika Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Sunan Navy ɗin ma ana danganta shi ne da zanen yaƙin jiragen ruwa na Campeche na 1843 da aka zana a jikin gangar, sojan ƙasa ne suka fi riƙe ta.

Rauninta a fili yake: samanta a buɗe ne. Ba ƙarfen da ya ratsa kan ganga ya haɗa gaba da baya, wani ɗan weji ne kawai ke riƙe bututu a jikin sandar tsakiya. Da tsufa yakan saki. Kamfanin Remington ya rufe saman tasa libarbar ta wannan zamani, lokaci kuma ya nuna shi ke da gaskiya. Ga gutsattsarin hula da ke faɗawa cikin inji su cushe shi, ga kuma abin da aka fi tsoro, wuta ta tsallaka ramukan da ke maƙwabtaka su tashi tare.

Ta asali mai kyau sai an ware dubban daloli, amma kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta suna ƙera kwafinta a kan 'yan ɗaruruwa, kayan gyara kuma ko'ina. Nan ne damfara ke shigowa: ana goge tambarin Italiya, a tsufar da ƙarfen da gangan, a sayar a matsayin ta 1860. Kama da wane ba ta wane.

Colt Single Action Army, 1873

Ita ce ta finafinan kaboyi, kuma sunan nan shi ke tsadar da ita. Tsakaninta da Navy akwai wani labarin shari'a mai daɗi. A 1855 wani tsohon ma'aikacin Colt mai suna Rollin White ya yi rajistar ganga mai rami fafe daga gaba har baya, abin da harsashi mai kwanson ƙarfe ke buƙata. Smith & Wesson suka karɓi haƙƙin, suka toshe wa kowa hanya har wa'adin ya ƙare a 1869. Sai bayan nan kamfanin Colt ya samu damar fitowa da tasa, sojan Amurka kuma suka karɓe ta a 1873 da harsashin .45.

An rufe samanta, don haka ta fi Navy ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma duri har yanzu ɗaya bayan ɗaya ne. Ka ɗana guduma rabi, ka buɗe wata 'yar ƙofa a gefen dama, ka tura sandar da ke gefen bututu ta fitar da kwanso ɗaya, ka juya ganga, ka sake. Sojan doki da ke tsakiyar gumurzu ba ya son wannan lissafi, shi ya sa Smith & Wesson Schofield ta 1875, mai karyewa ta zubar da duka lokaci guda, ta samu masoya a cikin rundunar. Ƙananan ƙarafan cikinta kaɗan ne, kowane maƙerin bindiga ya san su, sai dai sifirin ɗinta masu faɗi sukan karye.

Haɗarinta sananne ne tun zamaninta. Allurar guduma na iya zama a kan harsashi, in ta faɗi ƙasa ta tashi. Masu hankali harsashi biyar suke sawa, su bar guduma kan rami wofi. Waɗanda aka ƙera kafin 1900 kuma don baƙin albarushi aka yi su, na zamani na iya fasa su. Wajen farashi, ta zubin farko ta fi duk sauran huɗun tsada, mai tambarin soja kuwa takan haura dubun-dubatar daloli. Ka sani kuma daga tsakiyar shekarun 1890 sojan Amurka sun mayar da da yawa masana'anta, aka rage bututun daga inci 7.5 zuwa 5.5, aka gauraya sassa. Lambobin da ba su dace da juna ba, a irin waɗannan, ba lallai alamar ha'inci ba ne, amma sai ƙwararre ke iya bambancewa. Sabon shiga ya yi hattara da wannan kasuwa.

Webley, musamman Mk IV da Mk VI

Nan zan ɗan daɗe, domin ita ce ta shafe mu kai tsaye. Sojan Birtaniya sun karɓi Webley ta Birmingham a 1887 da harsashin .455. Samfurin Mk IV ya fito a 1899, shi ne kuma libarbar hukuma lokacin da dakarun Lugard suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka shiga Sakkwato a Maris, aka yi na Burmi a Yuli. Ba libarba ce ta ci waɗannan yaƙe-yaƙe ba, bindigar Maxim da igwa ne suka yi wannan aiki. Ita alamar muƙami ce da makamin kare kai na hafsa. Mk VI mai bututun inci 6 da mariƙi mai kusurwa sai 1915 ta fito, ta ramukan Yaƙin Duniya na Farko ce. Mai fim da ya rataya wa hafsan 1903 Mk VI ya yi gaba da tarihi da shekara 12. Ta wancan lokaci gajeren bututu gare ta, inci 4, da mariƙi mai lanƙwasa kamar kan tsuntsu.

Injinta shi ya fi kowanne daɗin kallo. Ka danna wani liba da babban yatsa a gefen hagu, makullin da ya yi kama da likkafa ya ja baya, bututu da ganga su karye ƙasa a kan hinji. Suna karyewa, wani ƙarfe mai siffar tauraro ya taso daga tsakiyar ganga ya watsar da kwanso shida gaba ɗaya, ya koma da kansa. Ramuka shida a buɗe suna kallonka. A Yaƙin Duniya na Farko har an yi amfani da wata na'ura mai suna Prideaux da ke zuba shidan lokaci guda. Kunamarta mai aiki biyu ce, ana kuma iya ɗana gudumar da hannu. Ɗalibin da ya ga an buɗe Webley sau ɗaya ya fahimci abin da shafi goma ba za su fahimtar da shi ba.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bindigar da ke karyewa biyu, ƙarfinta bai wuce na hinjinta da makullinta ba. An yi ta ne don harsashi mai nauyi mai tafiya a hankali, kuma a haka tana da ƙarko ƙwarai, ta jure laka da ƙura. Matsalar ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka kwashe dubbai zuwa kasuwar Amurka. Da yake .455 na da wuyar samu a can, 'yan kasuwa suka aske bayan gangar don ta karɓi harsashin .45 ACP, wanda matsinsa ya zarce abin da aka gina ta a kai. Askakkiyar Webley ta rage daraja, ga haɗarin fashewa. Ana gane ta da lambar da ke gefen bayan ganga, wadda za ka ga an cinye rabinta, da kuma faɗin tazara tsakanin ganga da jikin bindiga. Ko da ba za ka taɓa harba ta ba, nemi wadda ba a taɓa ba. Farashinta daga ɗaruruwan daloli ne zuwa sama da dubu, Mk IV ta .455 kuma ta fi Mk VI wuyar samu. Kada a ruɗe ka da wata Mk IV ƙarama mai harsashin .38, ta zamanin Yaƙi na Biyu ce, suna kawai suka haɗa.

Nagant 1895

A kowace libarba akwai 'yar tazara tsakanin ganga da bututu, ta nan wuta da iska mai zafi ke fesowa gefe, shi ya sa ba a ɗora yatsa a wurin. Léon Nagant, maƙerin birnin Liège na Beljiyam, ya ce shi sai ya toshe ta. A tasa, in an ɗana guduma, gangar na juyawa sannan ta matsa gaba ta rungumi gindin bututu. Harsashinta ma na daban ne: dalmar a nutse take cikin kwanso, bakin kwanson ne ke shiga bututu ya buɗe ya like wurin. Rasha ta karɓe ta a 1895, aka koma ƙera ta a Tula daga 1898, ta yi wa Sarkin Rasha aiki, ta yi wa Tarayyar Sobiyet, ana ƙera ta har 1945. Ramuka bakwai gare ta. A zamanin sarauta hafsoshi ake ba mai aiki biyu, ƙananan sojoji mai aiki ɗaya.

A ganina wayon ya fi amfanin yawa. Ɗan ƙarin gudun da harsashi ya samu, an biya shi da kunama mai taurin tsiya, tunda yatsa ɗaya ne ke ɗana guduma, ya juya ganga, ya kuma tura ta gaba. Duri kuwa ya koma irin na 1873, ta 'yar ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, da sandar da sai an zaro ta an karkato da ita. Sai dai ƙarko kam, ba ta da na biyu a nan. An ƙera miliyoyi, aka sake gyara da yawa bayan yaƙi aka adana cikin giris. Akwai lokacin da ake samunta a Amurka a wajen dala 100, yanzu ta hau zuwa 'yan ɗaruruwa, amma har yau ita ce mafi araha cikin na asali, kuma ba kasafai ake wahalar yin jabunta ba.

Libarbar Faransa ta 1892

Ta 'yan'uwanmu na Nijar ke nan. Ita ce libarbar hukuma ta hafsoshin Faransa lokacin da ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa a 1899, shekarar da Damagaram ta faɗa hannunsu. Masana'antar gwamnati ta Saint-Étienne ce ta ƙera ta. Ita ke nuna hanyar da daga baya ta yi nasara: jiki guda rufaffe, ganga kuma ta fito gefe a kan hannu, a danna sanda kwanso shida su zube. An samu ƙarfin Colt da saurin Webley a wuri ɗaya. Abin mamaki, tata gangar dama take fitowa, alhali na Colt da Smith & Wesson hagu suke yi. Ga kuma kyauta ga malami: murfin gefen hagu a kan hinji yake, ka kwance noti ɗaya ka buɗe shi kamar littafi, duk injin yana kwance a gabanka. Aikinta tsaf, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Aibinta harsashin milimita 8 mara ƙarfi. Farashinta matsakaici ne, kayan gyara sun fi samuwa a Turai. A Yaƙin Farko Faransa ta sayo wasu libarbobi daga Sifen masu cin harsashinta, ana kiransu da lambar 92 su ma, amma wata bindiga ce daban.

| | Colt Navy | Colt 1873 | Webley | Nagant | Faransa 1892 |
|---|---|---|---|---|---|
| Ramuka | 6 | 6 | 6 | 7 | 6 |
| Duri | ta gaba, albarushi da dalma | ta ƙofa, ɗaya-ɗaya | karyewa, duka tare | ta ƙofa, ɗaya-ɗaya | ganga ta fito dama |
| Kunama | aiki ɗaya | aiki ɗaya | aiki biyu | iri biyu | aiki biyu |
| Farashin ta asali | tsada | mafi tsada | matsakaici zuwa tsada | mafi araha | matsakaici |
| Ƙarko | weji na saki | mai kyau | mai kyau, hinji na gajiya | mafi ƙarko | mai kyau |
| Babban haɗari | jabu | jabu, tashi in ta faɗi | askakkiyar ganga | kaɗan | ruɗewa da ta Sifen |

Duk wadda za ka ɗauka, gwaji ɗaya ne. Bayan an tabbatar ba komai a ciki, a ɗana guduma a hankali a kan kowane rami, a saurari sakata ta faɗa kafin guduma ta kai ƙarshe. In sai ka taimaka wa gangar da hannu kafin ta kulle, ɗan yatsan ko haƙoran sun cinye. Kuma in ta asali ce, kada ka goge ta da sanfefa don ta yi ƙyalli, wannan dusashen launi shi ne rabin kuɗinta. Ɗan mai da busasshen wuri sun isa.

Wa ya dace da wacce

Malami ko gidan tarihi a Arewacin Najeriya, Webley, wadda aka kashe bisa doka kuma ta hannun hukuma. Ka tambayi mai sayarwa ko har yanzu tana karyewa tauraron na tasowa, domin wasu ƙa'idojin kashewa na baya-bayan nan sun sa ana walde sassan da ke motsi, in kuwa aka walde ta an kashe abin da ya sa ka saya. In a Zinder ko Maraɗi kake, ko kuma darasinka na injin ciki ne, ta Faransa ta fi.

Mai shirya fim ba ya buƙatar ta gaske ko kaɗan. Kamfanoni irin su Denix na Sifen suna zuba kwafin da ba ya harbi, kyamara kuma ba ta bambancewa. Ka dai dace da shekara, ka kuma sanar da 'yan sanda kafin ka fito da ita wurin ɗauka.

Mazaunin waje mai ƙaramin aljihu da ke son taɓa tarihi na gaske, Nagant. Wanda ke son fahimtar mafarin abin, yana kuma inda doka ta yarda, kwafin Navy na Italiya zai koya masa dalilin da ya sa sojan dokin 1863 kan rataya libarba biyu ko fiye. Colt 1873 ta asali kuwa, bar ta sai ka shekara kana zuwa gwanjo kana kallo hannunka a aljihu, kuma ko a lokacin kada ka biya sai da wasiƙar ofishin tarihi na kamfanin Colt mai nuna ranar da ta bar masana'anta da inda aka aika ta.